Muryar Inna a kaset

Yau da hantsi ina kakkaɓe ƙurar hunturu a ɗakin Baba a Tudun Wada, sai na ci karo da wani kaset, an rubuta "Inna, 1994" da jan biro. Na saka a tsohuwar rikodarmu, ko minti ɗaya ba a yi ba muryar ta fara ja, sai rikodar ta cinye zaren. Gabana ya faɗi. Na zaro shi a hankali, na zura biro a ramin ina murzawa har ya koma, inda ya tsinke na liƙe da ɗan salatif. Ashe kan rikodar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, da 'yar robar da ke jan zaren duk sun yi dauɗa. Na goge su da auduga da sifirit, na jira suka bushe.

Da na sake dannawa, sai ga kakata tana yi wa Baba faɗa kan aiken yara kasuwar Sabon Gari su kaɗai, zakara na cara a bayanta. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ka juye mana a waya mana." Zan juye, in sha Allahu. Amma wurin da zaren ya taune, kalmomi biyu-uku na Inna sun tafi ke nan, kuma babu mai maimaita mana su.