Ƙarfen tausa a ɗakina na gashin ƙashi

Babban yatsana ne ya sa na sayi ƙarafan tausar nan. Duk mai aikin gashin ƙashi ya san tsamin da yatsu ke yi idan mutum ya wuni yana murza agara da sharaɓar jama'a, ga shi ɗakin nawa ƙarami ne, gado biyu, ni da yaro ɗaya mai taya ni.

Ƙarafa ne masu santsi da ba sa tsatsa, wani kamar jinjirin wata, wani kamar bakin cokali. Waɗanda suka fi suna su ne na Graston, guda 6, da wani Ba'amurke, David Graston, ya ƙera bayan ya ji rauni a gwiwa. Tun kafin shi mutanen Sin ke kankare fata da ƙaho ko dutse, suna kiransa gua sha.

Sai na ɗumama wurin, in shafa mai, in karkata ƙarfen tsakanin digiri 30 da 60, in bi tsokar a hankali. Inda nama yake lafiya sulɓewa yake yi. Inda ya ɗaure kuwa, za ka ji gurzar a yatsunka kamar kana jan cokali a kan tsakuwa. Minti ɗaya ko biyu ya ishi wuri guda.

Wani dattijo tela da ciwon agara ya hana shi taka keke ya ce mini, "Likita, ƙara dannawa mataccen jinin ya fito." Na ce, "Baba, wannan ba ƙaho ba ne. In kun ga jini ya taru, to na wuce gona da iri." Wannan magana kullum sai na maimaita ta, don ja kaɗan ake nema a fata, ba kumburi ba. Mai shan maganin tsinka jini, ko mai gudan jini a jijiyar ƙafa, ko miki, ko karayar da ba ta haɗe ba, ba na ɗora masa ƙarfe ko nawa zai biya.

Ƙarfen yana sassauta ciwo, gaɓa ta saki, amma shi kaɗai ba ya ƙarfafa agara. Na tsayar da Baba a bakin matakala, ya ɗaga dunduniya ya sauke a hankali, sau 15, safe da yamma, har sati 12. Ranar Talata da Juma'a yake zuwa, kuma kafin ya hau gado sai ya gwada mini atisayen na gani.