Abin da karas ya koya mini a Turomso

Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, inda damina ke zuwa sau biyu a shekara. In shukarka ta Afrilu ta lalace, ka jira Satumba ka sake. Da wannan tunanin na tafi koyon aikin lambu a arewacin Norwe, kusa da Turomso.

Can ƙasa ba ta sakin jiki sai wajen farkon Yuni, kuma kafin Satumba ta fita sanyi ya dawo. Irin karas mai suna Nantes da muke shukawa yana buƙatar kwana 65 zuwa 75. Tsoron ƙurewar lokaci ya sa na yi gaggawa: ƙanƙara na narkewa na zuba iri, alhali in ka tura yatsa cikin ƙasar sai ya sandare. Kusan sati uku ban ga tsiro ba, ciyawa kuwa ta cika wurin. Manomin da ke gefena ya ɗaga kunyarsa ta yi tudu, ya lulluɓe ta da farin mayafin lambu har kwana goma ta ɗauki ɗumi, sannan ya shuka. Ya riga ni ganin ganye. Kuma karas ba tumatir ba ne da za ka reni a ɗaki ka dasa. Ka taɓa saiwarsa, sai ta fito da ƙafa biyu.

Daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa, har salla da lokacin Makka muke yi. Wannan hasken ne ke rama wa shuka gajartar lokaci. Da raɓar farko ta daskare a kan ganye, na tumɓuke guda, na goge a wando na gatsa. Zaƙin ya ba ni mamaki, don sanyi na sa karas ya tara sukari. Sai dai dole a kwashe kafin ƙasa ta daskare, a jera cikin yashi mai laima.

Yanzu da na dawo Kumasi, irin Kuroda nake shukawa, mai jure zafi, irin wanda ake kawowa daga Mampong. Matsalata a nan bushewar saman ƙasa ce kafin iri ya tsiro, don haka nake shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun koko a kai, ina ɗagawa kowace safiya in duba. Yayata mai sayar da kayan miya a kasuwar Kejetia ta gan ni durƙushe da littafi ina rubuta kwanan wata.

"Kai kuma, karas ɗin ma sai an yi masa rajista?"

Na ce, "Yaya, yau kwana shida. Zo ki ga sun fara leƙowa."