Wagon mai shan gas don iyali, a duba hanya kafin a duba mota

Jama'a tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mutane da dama suka fara waiwayen motoci masu shan gas, wato dizal, musamman masu iyali da ke neman wagon wadda za ta kwashe yara da kaya a lokaci ɗaya. Ni dai ina son wagon ba kaɗan ba, duk wanda ya taso lokacin 504 wagon ta Kaduna ya san aikin da but ɗinta ke yi, buhun masara biyu da akwatin uwargida da kular abinci su shige a rufe ƙofa lafiya lau. Amma batun gas ɗin nan sai an yi lissafi.

Abu na farko shi ne ina kake zuwa da motar. Injin gas yana da tsimin mai, wannan ba gardama, amma a doguwar tafiya yake nuna kansa, Kano zuwa Abuja, Kaduna zuwa Maiduguri, irin wannan. In kai zirga-zirgarka daga gida ne zuwa makarantar yara zuwa kasuwa a cikin go-silo, wallahi ka haƙura ka nemi mai fetur, don litar gas a nan ta fi ta fetur tsada kuma injin ba ya samun ya yi zafi yadda yake so.

Sai maganar da dillalai ba sa son a tayar. Motocin gas na Turai daga wajen 2009 zuwa sama suna zuwa da wata matata a cikin salansa mai suna DPF, tana tare kunkunniyar hayaƙi, kuma ba ta ƙone kunkunniyar sai an ɗan yi gudu na tsawon lokaci a buɗaɗɗen titi. An ƙera ta ne don gas ɗin can mai tsabta sosai, mu kuwa wani lokacin a hannun 'yan bumburutu ake sayen mai, wani da ruwa a ciki wani an gauraya shi da kananzir, to ranar da ta toshe za ka ga fitila ta kama a dashbod mota ta ƙi jan gudu kana tsakiyar hanya da yara a baya. Na bayan 2015 kuma da yawansu har da ruwan AdBlue, wanda ke rage gubar hayaƙi, suke buƙata, ƙarin ɗawainiya ke nan. Shi ya sa ni a ganina tsohon injin da bai cika na'urori ba ya fi dacewa da mu, irin 1.9 TDI na Passat da Golf wagon, ko 2.0 HDi na 406. Sun tsufa, haka ne, amma bakanike zai iya buɗe su ya gane abin da yake gani.

Kuma ka nemo bakaniken kafin ka nemo motar. Mai gyaran fetur daban, wanda ya san injekta da famfon gas daban, in babu shi a garinku to kowace 'yar matsala sai an ja mota zuwa wani gari. Ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko kasuwar kayan gyaran da ke kusa da kai ka tambayi kuɗin injekta ɗaya da tobo, amsar da za ka ji ita za ta gaya maka ko aljihunka zai ɗauka.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka ce kar a tayar da ita sai ka iso, ka ɗora hannu a kan injin ka ji da sanyinsa. Lafiyayyen inji yana tashi bugu ɗaya. Ka tsaya ta baya ka kalli hayaƙi, shuɗi alamar tana cin baƙin mai ne, baƙi mai kauri idan an taka totur galibi injekta ne ko iska ba ta isa, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa ka yi sallama ka tafi. Ka buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, in yana feso hayaƙi da ƙarfi to injin ya gaji. Lambar kilomita kar ta ruɗe ka, wagon masu gas da yawa tasi suka yi ko aikin kamfani a Turai kafin a turo su, kuma ana mayar da mita baya, sai dai sitiyarin da ya goge da robar kuloci da kujerar direba da ta lotsa ba sa ƙarya. A ɗaga ta a leƙa ƙasa saboda tsatsa, don gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ko kyauta ce ban yarda a sa iyali a ciki ba.

Wagon tana da ƙasa-ƙasa, in hanyar ƙauyenku tana cin ruwa da damina a duba shokozoba na baya sosai, a ɗora mata mutane da kaya a ga yadda za ta zauna. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin kuɗi ya bar hannu, da zarar ka karɓe ta ka canza bel ɗin taimin da filtar gas ka juye baƙin mai, ko mai sayarwa ya rantse jiya aka yi.