Kunun gyadar Inna

Ina da sati biyu da haihuwa Inna ta dama min kunun gyada, tururi na tashi daga kofin silba. Kafin in kai baki sai ga kiran yayata daga Ingila: "Ke, ajiye shi! Gyada na sa wa jariri borin jini ta nono." Wallahi gabana ya faɗi. Na kalli yaron yana barci, na ture kofin.

Ranar rigakafi na tambayi likita. Ta ce mai shayarwa ta ci gyadarta in dai ita ba ta damunta, ƙaurace mata ba ya kare yaro. Ta ba ni labarin binciken Landan na 2015 kan jarirai 640: waɗanda aka fara ba su gyada da wuri, matsalar ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Amma ta ja kunnena, jariri mai tsananin ƙaiƙayin fata sai likita ya fara duba shi kafin a ba shi gyada.

Da ya cika wata shida na dama masa ɗan markaɗaɗɗiyar gyada cikin koko. Ƙwayarta kam ba na bari kusa da shi, tana shaƙe yaro. Na daɗe zaune ina duba leɓensa da wuyansa, har ya yi gyatsa ya miƙo hannu wajen cokalin. Alhamdulillahi.