Asabar a Malaka, da maganar kwakwar manja

Ƙafafuna sun kumbura, Auta ta yi barci da takalminta, ni kuwa barcin ya ƙi zuwa. Bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Da sassafe Yaya ya tashe mu muka kama bas daga tashar TBS a Kuwala Lumfur, babban birnin Malesiya, tafiyar wajen awa biyu zuwa Malaka. Muna fita gari sai kwakwar manja, dama da hagu, layi-layi kamar an ja da igiya, har inda ido ya ƙare. Kusa da ni wani dattijo ne da baƙar hularsa da ledar ayaba a cinya. Ya tambayi ƙasarmu, na ce Najeriya. Sai na nuna taga na ce, "Baba, duk wannan fa namu ne. Bayan mun samu 'yanci kuka zo kuka ɗebi irin."

Bai yi musu da sauri ba. Ya ɓare ayaba ya miƙa wa Auta tukuna, sannan ya ce mahaifinsa a gonar manja ya yi aiki tun zamanin Turawan Ingila, kafin su ma su samu nasu 'yancin a 1957. Ya ce gonar kasuwanci ta farko a jiharsu ta Selango aka dasa ta, 1917. "Itacen naku ne, 'yata," in ji shi, "amma ya daɗe da zuwa."

Na juya ga Yaya don ya shigar mini, sai ya ce gaskiyar Baba ce. Tun 1848 Turawan Holan suka dasa tsiro huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba, a Indonesiya ta yau, daga jikokinsu aka cika yankin nan. Masu binciken Malesiya sun je Najeriya tattara iri, amma a shekarun 1970, lokacin gonakinsu sun riga sun kankama.

Na yi shiru har muka sauka.

Malaka kam ta yi kyau. Jan ginin Turawan Holan, kekunan haya da aka lulluɓe da furannin roba suna kiɗa kamar za su fasa kunne. Ƙofar A Famosa, ita kaɗai ta rage daga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina bayan sun ci garin a 1511. Holan ta ƙwace a 1641, Ingilishi suka rushe ganuwar a 1807. Azahar a Masallacin Kampung Kling na 1748, hasumiyarsa kamar ta gidan bautar Sinawa, alwala kuma a bakin wani tafki mai sanyi. Auta ta sha cendol kofi biyu, ƙanƙara da madarar kwakwa da baƙin suga.

Duk ina kallo, amma zuciyata tana aji. Shekara tara ina koyarwa, kuma babu zangon da ban faɗa wa ɗalibaina labarin nan ba. Haka malaminmu ya faɗa mana, haka na ji a rediyo, ban taɓa bin diddigi ba. Ina ma tuna yadda yaran ke girgiza kai in na zo wurin, wata har ta ce, "Malama, ai sata ce!" Ni kuma ban gyara mata ba, don ni ma hakan nake ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wancan labarin ya fi daɗin ɗauka. In sun kwashe ne, to an cuce mu. Amma a farkon shekarun 1960 mu ne kan gaba a duniya wajen manja, itacen yana hannunmu, babu wanda ya tumɓuke shi. Yau Indonesiya da Malesiya ke fitar da fiye da kashi 80 cikin 100, mu kuwa Umma tana auna kwalba tana ƙorafin tsada. Me zan ce wa 'yan aji uku in an koma? Waɗanda suka riga suka fita fa, ina zan same su?

Ban ma tambayi dattijon sunan garinsu ba. Ya sauka da ledarsa, ya ɗaga wa Auta hannu.

Tsarabar Umma: baƙin suga ƙulli biyu. Gobe wanki.