Mma ta kashe makunnin bango

Talata. Hunturun bana ya sauka unguwar Aboabo ta Kumasi da ƙarfinsa, leɓe duk ya tsattsage, ruwan tanki kuwa in ya kwana sai ka yi bisimilla sau biyu kafin ka tsoma hannu.

Na farka kafin kiran sallar farko, na jawo waya don in ga ko hitar banɗakin Mma ta tashi. Ƙarfe huɗu da kwata na sa mata. Lita 30 ce, wat 1500, kuma minti arba'in ya ishe ta ta kai ruwan digiri 50, wato kusan yunit ɗaya a mita ke nan. Da ta kai, na'urar auna zafin da Habibu mai gyaran wuta ya ɗaure a jikin bututun fita sai ta sa makunnin Sonoff, wanda nake sarrafawa da wayata ta wayifai, ya yanke wuta. Tun ranar Juma'a abin ke tafiya lafiya lau, har na fara yi wa mutanen shago baki. Yau manhajar eWeLink, wadda nake sarrafa shi da ita, ta nuna min makunnin ba ya kan layi. Na duba, akwai wuta a gidan, wayifai ma yana aiki.

Da na fito tsakar gida na tarar da ita a gaban kurfoti, ta lulluɓa da mayafi biyu, tana fifita gawayi da murfin kwali, butar ƙarfe a kai. Hayaƙi na shiga mata ido tana kau da fuska.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mma, ba ga ruwan zafi a famfo ba?"

Ta ce, "Na kashe shi tun jiya da dare. A bango."

Na ce me ya faru, ko wani abu ya yi ƙauri? Ta ce babu abin da ya yi. Shekaranjiya ta tashi cikin dare, ta ji abu ya yi ƙas a banɗaki, jar fitila ta kama, alhali ba kowa a wurin. Daga nan barci ya gagare ta. "Ni tun da nake, ban taɓa kwanciya na bar wuta a kunne ba. Ka manta gobarar babbar kasuwa? Mutane nawa muka sani da suka wayi gari ba su da ko tsinke?"

Na zauna a kan turmi na shiga yi mata bayani. Na ce hitar ba ta jan abin da ya kai amp 7, makunnin Sonoff ɗin kuwa na amp 16 ne, da gangan na ƙi sayen ƙaramin na amp 10 da mai shago a kasuwar Adum ya so ya tura min. Na ce Habibu ya ja mata waya mai kauri ita kaɗai daga allon fis, ya haɗa wayar ƙasa, kuma hitar kanta tana da nata abin yanke wuta a ciki. Na ce ko an ɗauke wuta an dawo da ita, na saita shi ya zauna a kashe. Tana ji, tana gyaɗa kai, tana ci gaba da fifita. Da na gama sai ta ce:

"To na ji. In ka tafi Tamale sarin kaya, ko wayarka ta faɗa ruwa, wa zai ce masa ya bari?"

Na ce yana bari da kansa.

Ta ce, "Banɗakina ne, amma sai da wayarka yake jin magana. Ni fa?"

Ta sauke butar, ta sirka ruwanta, ta shige alwala. Liman ya riga ya ta da salla sanda na isa masallaci.

Wannan "ni fa" ɗin ne ya bi ni har shago. Har yanzu ina kan bakana cewa haɗin nan ya fi kurfoti aminci, balle a ce tsohuwa mai ciwon gwiwa tana tsugune cikin duhu da garwashi a gefen zaninta. Kuma ya fi barin hita a kunne dare da rana, abin da ya cinye mana kuɗin mita a hunturun bara. Amma maganarta tana da ƙafa. Akwai ɗan maɓalli a jikin makunnin, sai dai Habibu ya rufe shi cikin akwatin roba can sama kusa da silin saboda tururi, inda ko ni sai na taka kujera. Abin da hannunta ke kaiwa shi ne na bango kaɗai, shi kuwa in an kashe shi komai ya mutu, har jadawalin asuba. Gidan nan ita ta riƙe shi tun ba mu san kanmu ba, ita ke bin ɗaki ɗaki da dare tana duba soket. Yau an kawo abu ɗakinta wanda ba ta da ikon cewa kunnu ko mutu sai ta nemi ɗanta. Raina bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Ciniki sama-sama. Ƙura ta hana mutane fitowa sai wajen sha ɗaya. Koko da ƙosai wurin Hajiya, wake da shinkafa da rana, shito ya yi yaji fiye da kima. Yaya Sani ya kira kan maganar sunan ranar Asabar, ban ma tsaya na ji adadin gudummawar da kyau ba.

Da la'asar na kira Habibu. Ya ce akwai irin da ake jawo wa maɓalli na waje, a kafa shi bakin ƙofar banɗaki daga waje, daidai kafaɗarta, ta danna ya kama, ta danna ya mutu, jadawalin kuma yana nan. Sai an canja makunnin, kuma ya ce in tabbatar na'urar wayifai tana ba da siginar 2.4 GHz, don irin waɗannan makunnai ba sa kama ta 5 GHz. Zai leƙa Adum ranar Alhamis ya ji farashi.

Na gaya wa Mma bayan isha. Ta ce a kawo ta gani tukuna. Na tambaye ta ko in kunna na bangon don gobe, ta ce a'a, gawayinta bai ƙare ba. Na ce wa Rukayya ta sa ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi ta riga Mma tashi ta hura kurfotin.