Sabon kan keken Baba

Mahaifina ya haura shekara 70, amma har yanzu da keke yake zuwa gona da masallacin Juma'a. Da ya fara kukan ciwon wuya da sagewar hannu, sai na lura cewa miƙaƙƙen kan kekensa ne ke tilasta masa sunkuyawa, nauyin jikinsa duka ya tattaru a tafin hannu.

Mun sauya masa da mai tudu wanda ya lanƙwaso baya, irin na tsohon Raleigh, domin ya zauna a miƙe yana hango hanya. Dole aka ƙara tsawon wayar birki, aka kuma sa sirdi mai faɗi, tunda nauyi ya koma mazaunai. Da farko ya ce keken ya zama na malaman makaranta, amma jiya shi kaɗai ya je kasuwa ya dawo bai ambaci wuyansa ba.